Daga Jibiya Zuwa Maraɗi: Yadda Iyali Za Su Kafa Rumbun Kallo Nasu a Intanet

Ƙofar kan iyaka ta Magamar Jibiya ta sha rufewa a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai a watan Afrilun 2022, fiye da shekara guda bayan an buɗe ta Illela da ta Maigatari. Juyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa watan Maris na 2024. Duk tsawon wannan lokaci ba a fasa ɗaurin aure ba, ba a fasa suna da walimar saukar Alƙur'ani ba, a gidajen da rabin danginsu ke Jibiya da Katsina, rabi kuma na Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi. Wanda hanya ta hana shi zuwa, bidiyo yake jira.

Yadda bidiyon ke isa kuwa sananne ne. Ko dai a tura shi guntu-guntu ta WhatsApp, hoton ya dusashe, ko a zuba shi a memori wajen masu turi ranar kasuwar Lahadi a ba direba ya kai. Bayan shekara biyu sai a nemi bikin a rasa: wayar da ke ɗauke da shi ta faɗa ruwa, memorin ya ƙi buɗewa, mai ɗaukar bidiyon ya goge nasa don ya sami wurin sabon aiki. Haka karatun malamai da aka naɗa da azumi, haka muryoyin tsofaffi da ke cikin kaset.

Akwai hanyar da matashi ɗaya mai kwamfuta da haƙuri zai magance wa danginsa wannan. Zai yi hayar ƙaramar sabar a intanet, ya ɗora mata manhajar kallo, ya zuba kayan gidansu sau ɗaya, kowa ya riƙa buɗewa daga wayarsa kamar yadda yake buɗe YouTube, sai dai babu talla, kuma babu baƙon ido. Kafa sabar ba ta cin wuni. Aikin da ke cin lokaci shi ne shirya fayilolin da lissafin data, kuma a nan ne ake gane ko abin zai ɗore.

Me ya sa ba za a ajiye ta a gida ba?

A Turai da Amurka masu wannan sha'awa kan ajiye tsohuwar kwamfuta a lungun ɗaki ta zama sabar. A Jibiya abubuwa uku ke hana haka. Na farko wuta: sabar tana son lantarki dare da rana, wutar KEDCO ba ta da wannan tabbas, janareto da sola kuma kuɗi ne. Na biyu, layukan waya irin su MTN da Airtel kan haɗa dubban masu amfani a bayan adireshin intanet guda, don haka wanda ke Maraɗi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa kai tsaye ya iso kwamfutar da ke Jibiya. Na uku data: duk wanda ya kalli bidiyo daga sabar gida, mai gidan ma datarsa ke ƙonewa wajen turawa. Mutum goma suka kalla, ya biya sau goma.

Sabar haya, wadda ake kira ta gajimare, tana zaune ne a wani katafaren ginin kwamfutoci mai wutar da ba ta ɗaukewa da intanet mai ƙarfi. Tamkar hayar shago ce a kasuwa: wuta da maigadi na mai kasuwa ne, kaya da kwaɗo da mabuɗi na ɗan haya. Mai sabar zai biya data sau ɗaya wajen ɗora fayil, daga nan kowane mai kallo datarsa kawai yake ci.

Abin da ya halatta a zuba

Rumbun na kayan iyali ne: bukukuwa, hotuna, karatun da malami ya yarda a yaɗa, kaset ɗin da aka mayar fayil da manhajar Audacity, darussan islamiyya. Fina-finan Kannywood da waƙoƙin mawaƙa haƙƙin masu su ne. Satar fasaha na cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifan CD ta Kano, har masu shirya fim suka koma YouTube, inda shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So ke samun kuɗinsu daga yawan masu kallo. Wanda ya kwashe su ya zuba a sabarsa ya rage musu abinci. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, kamfanonin hayar sabar na Jamus da Faransa kuma kan rufe asusun da aka kai ƙararsa.

Sai kuma mutunci. Bidiyon kamu da na cikin gida na matan gidan ne, kuma kafin a ɗora shi ya kamata a nemi yardarsu, a kuma gaya musu su wane ne za su iya gani.

Lissafin data kafin komai

Ƙa'ida ɗaya ta ishi mai wannan aiki: bidiyon da ke gudu a kan megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Daga nan sauran lissafin ke fitowa. Bidiyo mai girman 480p a kan megabit 1, wanda ya wadatar a fuskar wayar Tecno ko Infinix ko itel, zai ci megabait 900 idan bikin awa biyu ne. Mai girman 720p a kan megabit 2 zai ci ninki biyu. Mai 1080p a kan megabit 5 zai lashe gigabait 2.25 a kowace awa. Ɗanyen bidiyon da aka ɗauko daga kyamara ko babbar waya kuwa kan iya wuce gigabait 5 a awa, kuma babu goggon da za ta buɗe shi sau biyu bayan ta ga abin da ya yi wa datarta, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025.

Sauti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A kan kilobit 64 a daƙiƙa, awa guda ba ta kai megabait 30 ba, wato tafsirin azumi na awa 60 bai kai gigabait 2 ba.

Saboda haka ana matse kowane bidiyo tun a gida kafin a ɗora. Manhajar HandBrake kyauta ce, tana aiki a kan Windows da Mac da Linux. A zaɓi tsarin Fast 480p30, a tabbatar fayil ɗin MP4 ne, hotonsa H.264, sautinsa AAC, sannan a danna akwatin Web Optimized don bidiyon ya fara wasa tun bai gama saukowa ba. Wannan haɗin kusan kowace waya tana karanta shi kai tsaye. Muhimmancin hakan shi ne, idan waya ta kasa karanta fayil, sabar ce za ta riƙa juya shi nan take yayin da ake kallo, kuma ƙaramar sabar haya ba ta da katin hoton da ke ɗaukar wannan nauyi. Mutum biyu suka buɗe irin wannan fayil lokaci guda, bidiyon zai riƙa tsayawa yana juyi. Fayil ɗin da aka matse tun farko kuwa sabar miƙa shi kawai take yi, mutum goma ma ba za su gajiyar da ita ba.

Asalin ɗanyen bidiyon ba a jefar da shi. A adana shi a faifan ajiya a gida.

Inda za a yi haya, da yadda za a biya

Ga iyali, sabar mai vCPU 2 da RAM gigabait 2 zuwa 4 ta isa, kuma irinta kan kama daga wajen dala 5 zuwa 10 a wata. Hetzner na da cibiyoyi a Jamus da Finlan, OVHcloud a Faransa, Contabo a Jamus, DigitalOcean a Landan da Frankfurt da Amsterdam, Vultr kuma har a Johannesburg. Nisan Turai ba matsala ba ne ga kallon bidiyo, domin jinkirin bai kai rabin daƙiƙa ba, waya kuma tana tara 'yan daƙiƙoƙi gaba kafin ta nuna. Akwai kamfanonin gida da ke karɓar naira, abin da ke raba mutum da fargabar canji, sai dai a gwada farashin wurin ajiyarsu da na waje.

Abu biyu ake dubawa kafin farashi. Ɗaya, yawan datar da aka yarda sabar ta fitar a wata: ƙananan kamfanoni kan haɗa terabait ɗaya ko fiye cikin kuɗin haya, manya irin su AWS da Google kuwa kan caji a kan kowane gigabait da ya fita, lissafin da ke iya ba mutum mamaki a ƙarshen wata. Biyu, girman faifai. Gigabait 100 na ɗaukar kimanin awa 220 na bidiyon 480p, wanda ya fi bukukuwan gida na shekaru. Idan kaya sun yi yawa, ana hayar wurin ajiya daban, kamar Storage Box na Hetzner da ke farawa daga terabait 1, a liƙa shi da sabar ta manhajar rclone.

Biyan kuɗi ya daɗe yana wahalar da 'yan Najeriya, domin daga 2022 bankuna da yawa sun hana katin naira aiki a shafukan waje, sai a tsakiyar 2025 wasu irin su GTBank da UBA suka sake buɗewa da iyaka. Wanda katinsa ya ƙi zai iya amfani da asusun dala. A nan dangin kan iyaka ke da wata dama: sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka hayar yuro 5 kimanin sefa 3,280 ce a kowane wata, ba ta hawa ba ta sauka sai in kamfanin ne ya ƙara. Ɗan'uwan da ke Maraɗi mai katin banki zai iya ɗaukar biyan, na Jibiya ya ɗauki aikin hannu. Wasu kamfanonin kan nemi hoton fasfo ko katin shaida kafin su buɗe asusu, don haka sunan da ke kan katin banki da na rajista su zama ɗaya.

Zaɓen manhaja

Sunaye uku suka fi shahara: Plex da Emby da Jellyfin. Plex ta fi daɗewa da ƙawa, amma abu biyu sun sa ba ta dace da wannan aiki ba. A watan Oktoban 2023 ta toshe sabobin da ke zaune a Hetzner, sannan daga ƙarshen Afrilun 2025 ta mayar da kallon bidiyo daga nesa na kuɗi. Jellyfin, wadda wasu masu sa kai suka ɓalle da ita daga Emby a watan Disamban 2018, kyauta ce gaba ɗaya, ba ta neman rajista da wani kamfani, kuma tana da manhajar Android da iPhone da talabijin. Ita ce zaɓin wannan jagora. Gidan da kayansa duk sauti ne zai fi jin daɗin Audiobookshelf, wadda ke tuna daidai inda mai sauraro ya tsaya a karatun jiya.

Kafawa, mataki-mataki

Wajen yin odar sabar a zaɓi Ubuntu 24.04, wadda za a ci gaba da yi wa gyaran tsaro har 2029. Kamfanin zai ba da adireshin IP, a shiga da SSH daga kwamfuta, ko daga waya ta manhajar Termius.

Kafin a ɗora komai sai a kulle ƙofofi, domin sabuwar sabar ba ta kwana ba tare da injunan masu kutse sun fara gwada kalmomin sirri a kanta ba. A ƙirƙiri mabuɗin SSH, a hana shiga da kalmar sirri, a buɗe asusun aiki wanda ba root ba. Sannan a kunna katangar ufw, a bar ƙofa uku kawai: 22 ta shigar mai sabar, 80 da 443 na masu kallo. A tabbatar an bar ƙofa ta 22 kafin a kunna katangar, in ba haka ba mai sabar zai rufe kansa a waje.

Ɗora Jellyfin layi ɗaya ne, wanda masu manhajar suka tanada:

curl https://repo.jellyfin.org/install-debuntu.sh | sudo bash

Da ta gama, Jellyfin na sauraro a ƙofa ta 8096. Ba a buɗe wannan ƙofa ga duniya, saboda abin da ke bi ta cikinta a fili yake, har da kalmomin sirri. Ana sa manhajar Caddy a gabanta. Da farko a sayi sunan shafi, misali mai ƙarewa da .com.ng daga dillalan da hukumar NiRA ta amince da su, ko a karɓi na kyauta daga DuckDNS, a nuna shi ga adireshin sabar. A cikin fayil ɗin Caddyfile a rubuta sunan shafin, a ƙarƙashinsa a sa reverse_proxy localhost:8096. Caddy da kanta za ta karɓo takardar tsaro daga Let's Encrypt, ta riƙa sabunta ta, alamar kwaɗo ta fito a gefen adireshin.

Daga nan a buɗe shafin nan take a kafa asusun shugaba da doguwar kalmar sirri, kada a bari sai gobe, domin duk wanda ya riga buɗe sabon shafin shi zai zama shugaba.

Ɗora kaya da jera su

Ana tura fayiloli da FileZilla ko WinSCP, waɗanda ke iya ci gaba daga inda suka tsaya idan sabis ya yanke. Wannan ne mataki mafi cin data, don haka a yi shi da datar dare mai rahusa, ko a tara kayan a kai shagon da ke da Starlink ko wayar fayiba a Katsina a ɗora su zama ɗaya. Starlink ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, a Nijar kuma a watan Maris na 2025.

Jellyfin kan nemi hoto da bayanin kowane fim daga rumbunan fina-finai na duniya. Idan aka sa bikin gida a sashen fina-finai ba tare da an kashe wannan bincike ba, za ta iya liƙa masa hoton wani fim ɗin Indiya mai kama da sunansa. A zaɓi nau'in Home Videos and Photos, a jera manyan jakunkuna bisa shekara, a ba kowane fayil suna mai ma'ana: shekara, wata, irin taron, gari. Karatu kuma a raba shi bisa malami da littafi, a sa lambar zama da sifili a gaba, 01, 02, 03, don kada zama na 10 ya riga na 2.

Kowane mutum a buɗe masa asusunsa. Asusu ɗaya na gayya kan zagaya gari cikin mako guda, kuma ba a sanin ta inda ya fita. A shafin kowane asusu shugaba na iya zaɓar sassan da mai shi zai gani, ya hana ko ya ba da izinin saukewa, ya ƙayyade yawan wayoyin da za su kalla lokaci guda, ya kuma cire izinin juya bidiyo don kare sabar. Ta haka sashen bukukuwan mata zai tsaya ga waɗanda aka yarda da su. Duk da haka a sani cewa wanda ke iya kallo yana iya naɗar fuskar wayarsa, don haka wanda ba a amince da shi ba, ba a ba shi asusu.

Abin da kan iyaka ke ƙarawa

Sabar ba ta tambayar layin wace ƙasa ne. Mai MTN a Jibiya da mai Airtel Nijar ko Moov ko Zamani a Maraɗi adireshi ɗaya za su rubuta. Abin lura shi ne a Magama da ƙauyukan bakin iyaka waya kan kama sabis ɗin ƙetare da kanta, kuma awa guda ta bidiyo a kan kuɗin yawo (roaming) na iya share katin mutum. A kashe datar yawo, a zaɓi kamfani da hannu a saitin waya.

Gajimare kuma ba ya maganin rashin sabis. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, Jibiya na ciki, aka shafe watanni a haka. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni na kwanaki a ƙasashe da dama. A irin waɗannan ranaku abin da aka riga aka sauke ne kawai ke amfani. Manhajar Findroid na sauke bidiyon Jellyfin a wayar Android, Finamp na sauke sauti, Audiobookshelf ma haka. Wannan ya fi arha ko da lafiya lau: karatun da za a saurara sau biyar, sau ɗaya za a biya masa data.

Ita ma sabar tana iya salwanta. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen OVH a Strasbourg, kuma masu hayar da ba su da kwafi a wani wuri sun rasa kayansu har abada. Don haka kwafi uku ake so: na kan sabar, na faifan da ke Jibiya, da wani faifan a hannun dangi na Maraɗi ko Katsina, wanda za a riƙa sabuntawa duk lokacin da aka haɗu.

Haɗarin da ya fi gobara kusa shi ne mantuwa. Kamfanonin haya kan dakatar da sabar da ba a biya ba, bayan ɗan wa'adi su goge ta. A sa ranar biya a kalandar mutum biyu. A rubuta sunan kamfani da imel ɗin rajista da kalmomin sirri a takarda, a damƙa wa babba ɗaya a gidan, domin matashin da ya kafa sabar na iya tafiya karatu Zariya ko hidimar ƙasa a kudu. Sau ɗaya a wata kuma a shiga a sabunta Ubuntu da Jellyfin, a duba sauran wurin da ke kan faifai, a goge asusun wayoyin da suka ɓata, sannan a ɗauko fayil ɗaya daga faifan gida a kunna shi, a tabbatar kwafin na buɗewa.